Na haɗa wa Kawuna ɗan aiken AI a WhatsApp kyauta ya jawo masa asara, yanzu kuma ina hararar adashen matata

Assalamu alaikum Yaya, dan Allah a sakaya sunana. Ni malamin kwamfuta ne a wata makarantar kuɗi a nan Kaduna, shekarata 31, muna zaune a Badarawa da matata da yarinya ɗaya ga kuma ciki wata shida. Albashina dubu 90 ne, kafin 20 ga wata ya ƙare ƙarƙaf. Tun bara nake raba dare a YouTube ina koyon yadda ake haɗa 'yan aiken nan na AI, masu amsa saƙo da kansu a madadin mutum, da manhajojin da ake saukewa kyauta irin su n8n mai haɗa ayyuka da Ollama mai kunna ƙwaƙwalwar AI a kan kwamfutar mutum, kuma Alhamdulillahi hannuna ya faɗa. Na haɗa wa Kawuna, ƙanin mahaifiyata, mai shagon shadda da atamfa a babbar kasuwa, wani da yake amsa wa kwastomomi a WhatsApp ko da tsakar dare ne, ya faɗi farashi ya tura hotuna. Kyauta na yi masa, ni nake biyan kuɗin saba, wato kwamfutar haya da abin ke zaune a kai, da na tokin, wato abin da kamfanin AI ke caja a kan yawan rubutun da aka sarrafa, kusan dubu 25 duk wata, wata huɗu kenan. Sati biyu da suka wuce abin ya ba wata Hajiya tsohon farashin shadda, ta taso tun daga Zariya da hoton hirar a wayarta, Kawu saboda kunya ya sallama mata a haka, asarar ta kai dubu 60. Yaron shagon ne bai faɗa min kaya sun tashi ba kuma dama tun farko baya son abin. Kawu bai min faɗa ba, cewa kawai yayi a cire masa abin nan, tun daga ranar gaisuwa ma sama-sama. Ni kuma Yaya na san harkar nan akwai kuɗi a ciki. Akwai wani da yake tallan kwas na dubu 150 yace cikin wata uku mutum zai fara kama dala dubu biyu a wata, kuma ina so in sayi laftof mai ƙarfi in daina biyan tokin. Matata za ta kwashi adashenta dubu 600 wata mai zuwa, ta tara ne saboda haihuwa da ƙara jarin turaren wuta da take saidawa. Na ɗan taɓa mata maganar sai tayi shiru. Har ina tunanin ajiye koyarwar in fuskanci wannan gaba ɗaya. Me kake gani?

Wa alaikumus salam ƙanina. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na rage mata tsawo kaɗan kamar yadda aka saba, kuma abin da ya fara tsaya min a rai ba dubu 60 ɗin bane, wannan gaisuwar sama-sama ce. Na san yadda take ci wa mutum rai, kai ka yi abu don a ji daɗi a ce ɗan wance ya iya, ka kashe dubu ɗari daga aljihun da dama a huje yake, ƙarshe ka koma kana sunkuyar da kai in an haɗu a wajen suna ko ɗaurin aure. Kayi haƙuri. Kuma kafin in fara yi maka faɗa, don zan yi, ka sani mutumin da ya koya wa kansa abin nan da data da wutar da muke gani a garin nan har ya haɗa abin da ya yi aiki wata huɗu a shagon gaske, ba ƙaramin ƙoƙari yayi ba. Da yawan masu surutun AI a Facebook ko kwastoma ɗaya abinsu bai taɓa amsa wa ba.

Toh mu fara da Kawu, don shi ne a gaba da komai. Ka ce laifin yaron shago ne. Ni ban yarda ba, ko in ce ban yarda duka ba. Kai ka haɗa abu mai faɗin farashi da bakin Kawu a kasuwar da farashin kaya ke bin dala, kuma kowa ya san tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024, mai kayan waje wani lokaci da safe farashi daban da yamma daban. A irin wannan kasuwa ka bar hanyar sabunta farashi ta zama sai yaro ya tuna ya kira ka, kai kuma kana aji kana koyarwa. Ramin kai ka haƙa shi, yaron dai bai rufe ba ne. Tsuntsun da ya ja ruwa ai shi ruwa kan doka. Kuma abin da Kawu yayi na sallama wa Hajiyar shi ne daidai, ko a ƙasashen da suka fi mu nisa a harkar nan haka hukunci ya faɗa. A watan Fabrairun 2024 wata kotun ƙananan ƙararraki a Kanada ta tilasta wa kamfanin jirgin sama na Air Canada ya biya wani fasinja saboda bot ɗin shafinsu, wato na'urar da ke amsa tambayoyi, ya faɗa masa ƙa'idar rangwame da ba haka take ba, kamfanin ya so ya zame yace ai bot ɗin ne ya faɗa, kotu tace abin da ke shafinka maganarka ce. Kawu bai san wannan labarin ba amma ya san abin da ya fi shi, wato sunan shago ya fi dubu 60.

Saboda haka ka shirya ka je gidansa, ba shago ba, bayan Magariba ko ranar Juma'a da yamma, kai kaɗai. Kar ka je da laftof, kar ka je da bayani. Ka ce Kawu abin da ya faru sakacina ne, na zo in ba da haƙuri, kuma ina so in ɗauki rabin asarar in biya a hankali. Mai yiwuwa yace haba bar shi, in ya faɗa sau biyu ka bari, in kuma ya karɓa ka biya dubu goma-goma ba tare da ɓacin rai ba. Kar ka kawo maganar dubu 25 ɗin da kake biya a wannan zaman, zai zama kamar kana goranta masa ne, alhali shi bai ma san kana biya ba, ina kyautata zato ce masa kayi abin kyauta ne kuma ya ɗauka kyautar ce har ƙarshe. Sannan ka cire masa abin kamar yadda yace, yau ba gobe ba. Idan daga baya shi da kansa ya tambaya ina abin nan naka, toh a lokacin ne za a yi magana ta kasuwanci da farashi da komai.

Shi kuma yaron shago, ka ɗan tsaya a takalminsa, kai in aka kawo wata na'ura makarantarku aka ce za ta riƙa amsa tambayoyin ɗalibai ya za ka ji? Yaron nan wayar shago ita ce darajarsa, ta nan yake sanin kwastomomi, ta nan wata Hajiya ke cewa a ba yaron nan dubu biyu ya sha ruwa, wata rana ma da waɗannan lambobin zai buɗe nasa shagon idan Kawu ya sallame shi. Ka zo ka shiga tsakaninsa da su ba tare da ka ko tambaye shi ba. Duk inda za ka sake kai wannan aiki, mutumin da ke riƙe da wayar shi za ka fara saya, ka nuna masa abin zai ɗauke masa amsa "nawa ne" sau hamsin a rana ne, ciniki kuma ya dawo hannunsa. Ka sa farashin a jadawalin Google Sheets guda ɗaya da shi zai riƙa gyarawa daga wayarsa, ka sa ɗan aiken ya duba ranar da aka taɓa farashin, in ya wuce kwana biyu ko uku kar ya faɗi lamba, yace bari in haɗa ki da mai shago. Wannan layi ɗaya da ka sa shi tun farko da Hajiya bata taso daga Zariya ba.

Yanzu maganar akwai kuɗi a harkar. Akwai, ban musa ba. Amma ina so ka gane a ina kuɗin yake, don mai tallan kwas ba zai faɗa maka ba. Manhajojin nan da ka saukar kyauta, kowa ma kyauta zai saukar. LangChain da ake haɗa 'yan aiken AI da shi tun 2022 yake a fili, AutoGPT ya fito a 2023 aka yi ta ihu a kansa, Meta mai Facebook da WhatsApp ta saki ƙwaƙwalwar AI ɗinta Llama, Mistral na Faransa suka saki nasu, DeepSeek na Chaina suka saki R1 a Janairun 2025, duk wanda ke da data zai iya ɗauka. Abin da kowa ke samu a banza ba shi za ka saida ba. Mu da muka ga zamanin kafe a garin nan mun san wannan, lokacin da buɗe wa mutum imel kuɗi ne, daga baya waya ta zo kowa ya iya da kansa aka rufe shaguna, waɗanda suka rage su ne masu cike wa mutane fom na JAMB da na neman aiki, wato masu ɗaukar wa mutum ciwon kai. Haka POS, da farko riba, yanzu kowace kwana lema uku. Abin da ɗan kasuwa zai biya ka a kai duk wata shi ne akwai wani mutum mai suna da lambar waya a Badarawa wanda in abin ya rikice ranar jajibirin Sallah zai ɗauki waya ya gyara, kuma wanda ya zauna ya fahimci yadda shagon ke tafiya. Alhaji ba ruwansa da sunan manhaja. Kar ma ka ce masa AI. Ka ce masa Alhaji saƙo nawa ke kwana ba a amsa ba, mutum nawa suka tafi wani shagon saboda haka.

Kuma wannan kalmar kyauta, ka riga ka ɗanɗana, banza bata kai zomo kasuwa. Manhajar kanta ce kyauta, amma inda za ta zauna tana aiki dare da rana haya ne. Ƙaramar saba ta haya tana kamawa wajen dala 5 zuwa 6 a wata, in muka ɗauki dala a 1,500 don sauƙin lissafi kaga dubu 9 kenan, ga kuɗin tokin, ga data wadda ita ma ta tashi tun da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 a Janairun 2025. Wani abin da ba a faɗa a bidiyoyin Turawa, Hausa ta fi Turanci cin tokin, saboda ƙwaƙwalen nan sun fi sabawa da Turanci sai su daddatsa kalmarmu ɗaya gida uku ko huɗu, kowane yanki kuma kuɗi ne. Duk wannan kwastoma ne ya kamata ya biya, da sunansa, da katinsa in zai yiwu, kai kuma kuɗin haɗawa daban kuɗin kulawa na wata daban. Misali kawai nake baka ba doka ba, in abin da ake kashewa dubu 20 ne, kai ka ce dubu 35 ko 40 a wata, kuɗin haɗawa kuma rabi kafin ka fara. Wanda yace yayi tsada ka gode masa ka wuce, wanda ba zai iya biyan wannan ba dama saƙonnin da ke shigo masa basu kai ya buƙaci abin ba, WhatsApp Business na kyauta da amsoshin da ake ajiyewa a ciki sun ishe shi, kuma ka faɗa masa haka, zai riƙe ka da mutunci.

Laftof ɗin fa? A'a. Ba yanzu ba. Na gane lissafinka, in na sa ƙwaƙwalwar a kan na'urata da Ollama na huta da biyan dala. Su kansu masu Ollama sun rubuta cewa ƙaramar ƙwaƙwalwa mai girman biliyan 7 a ma'auninsu tana son kwamfuta mai RAM gig 8, mai biliyan 13 tana son 16, toh amma tambayar ita ce wa zai riƙe laftof ɗin a kunne awa 24 a Badarawa? Kwastoma ya turo saƙo ƙarfe ɗayan dare an ɗauke wuta, ko MTN ɗinka ya ƙare, ko madam ta rufe shi ta ɗora a kan durowa saboda yarinya. Sai ka ƙara sola da inbata da batir, dubu 600 ɗin ma ba za ta isa ba. Ko kana layin Band A ne, tun Afrilun 2024 aka kai kuɗinsa naira 225 kowane yunit a lokacin, ba araha bace. Sannan babbar matsalar, ƙananan ƙwaƙwalen da laftof ke iya ɗauka Hausarsu a karye take, balle irin Hausar kwastoma da ba ƙugiya ba waƙafi rabi Turanci, "slm nawane wanan blue din last". Wanda ya turo saƙon murya kuma, kuma ka san rabin matan da ke sayen atamfa murya suke turowa, Whisper mai mai da murya rubutu ya sa Hausa a jerin harsunansa amma ka gwada shi da muryar wata Hajiya tana magana yara na ihu a bayanta ka ga abin da zai rubuto maka. Laftof ɗin da kake da shi ya isa ka haɗa aiki ka gwada. Idan kwastomomi biyar suna biyanka wata shida a jere, kuɗinsu zai sayi sabo.

Shi kuma mai kwas, ban san shi ba kuma ba zan ce ɗan damfara bane, amma ka tambayi kanka mutumin da ke kama dala dubu biyu a wata da wannan aiki me ya kai shi bin malaman makaranta yana karɓar dubu 150. In kana son ka gwada shi ka ce ya haɗa ka da ɗalibansa uku da kwastomominsu, ka kira kwastomomin ba ɗaliban ba. Abin da zai koya maka yana nan a rubuce kyauta a shafukan manhajojin, kuma kai ka riga ka wuce matakin. Kasuwar waje, wato shafukan neman aiki ta intanet irin su Upwork da Fiverr, gaskiya ce ana samu, amma can za ka tarar da dubban 'yan Indiya da Pakistan da suka riga ka tara shaidar aiki, Fiverr kuma na cire kashi 20 na duk abin da ka samu. Ba a hana ka ba, amma da shaidar aikin gida ake shiga can. Abin da ka rasa ba ilimi bane, abokan aiki ne. Ka leƙa cibiyar masu fasaha ta CoLab a Barnawa, ka nemi 'yan 3MTT na jihar nan, wato shirin gwamnatin tarayya na koyar da fasahar zamani, ka zauna da waɗanda suka taɓa karɓar kuɗin kwastoma suka ji yadda yake.

Akwai abubuwa uku na ƙa'ida da nake so ka gyara kafin ka karɓi ko sisin wani, kuma ina zargin na farkon ka riga ka taka shi. Ta yaya ka haɗa abin da WhatsApp ɗin Kawu? In ta hanyar nan ce ta bayan gida da ake ɗaukar hoton lambar QR da manhajar da ba ta Meta ba, toh ka gode wa Allah da asarar ta tsaya a dubu 60, domin Meta na iya rufe layin da ta kama yana haka, ka yi tunanin layin da Kawu ya shekara goma yana tara kwastomomi a kai ya tafi saboda kai. Hanyar da aka yarda da ita ita ce WhatsApp Business Platform, a tsarinsu na 2025 amsa wa wanda ya fara yi maka magana cikin awa 24 ba a cajinsa, saƙon talla da kai ka fara turawa shi ake biya, kuma tun Yulin 2025 irin wannan saƙon ɗaya-ɗaya ake lissafa shi. Ko yaya dai, sabon layi daban za ka sa wa ɗan aiken, kar ka sake taɓa babban layin mai shago. Na biyu lasisi. Ba duk abin da aka ce buɗaɗɗe bane aka yarda ka yi kasuwanci da shi yadda ka ga dama. LangChain da Ollama lasisin MIT ne, wanda ya yarda a yi kasuwanci da su, ba matsala. Amma n8n da kake ji da shi nasu lasisin daban ne, sun yarda ka haɗa wa kwastoma aiki a biya ka, basu yarda ka ɗora shi a sabarka kana saida wa mutane damar shiga ba, don haka kowane kwastoma a buɗe masa nasa da sunansa, wanda dama shi ya fi maka sauƙi ranar da za ku rabu. Na uku bayanan mutane. Tun Yunin 2023 akwai dokar kare bayanai a ƙasar nan da hukumarta NDPC, lambobin waya da adireshi da hirar matan mutane amana ce a hannunka, kar ka kwashi lambobin shagon wani ka yi wa wani talla da su, kuma a gaya wa kwastoma tun a saƙon farko cewa na'ura ce ke amsawa, in yana son mutum ya rubuta kaza.

Sannan ka rage wa ɗan aiken nan iko. Kar ya yi ciniki, kar yace an sallama, kar ya tabbatar da cewa kuɗi sun shigo don an turo masa hoton rasit, kai ma ka san yadda alat na bogi ya yi yawa. A ƙarshen 2023 wani a Amurka ya lallaɓa bot ɗin wani dilan motocin Chevrolet da daɗin baki har ya amince zai saida masa sabuwar mota a dala ɗaya, abin ya zama abin dariya a intanet. Toh mutanenmu da suka iya ciniki tun suna goye, minti biyar ya ishe su su sa shi yace Allah ya sa albarka a kan rabin kuɗi. Aikinsa ya tsaya a gaisuwa, nuna kaya, faɗin lokacin buɗe shago, karɓar oda ya miƙa wa mutum. Ni da zan zaɓa maka ma da ba da masu faɗin farashi za ka fara ba. Teloli, misali, kafin Sallah, abin da zai riƙe awo da ranar karɓar ɗinki ya tuna wa tela ya tuna wa mai kaya. Ko masu ba da kaya bashi a Kasuwar Barci da Panteka da ke rubutu a littafi, abin da zai tuna musu wa ake bi nawa kuma yaushe. Ko dillalan gidaje da ake tambayarsu abu ɗaya sau ɗari. In irin wannan ya yi kuskure gyara ake yi, ba asara ba. Kantin magani da asibiti kuwa ka nisance su tukuna, kuskure a can ba a biyansa da dubu goma-goma.

Yanzu madam. Ƙanina shirun nan da tayi amsa ce, kuma kai ma ka ji ta shi yasa ka rubuto min. Mace mai ciki wata shida da ta yi wata da watanni tana zubi daga ribar turaren wuta, tana lissafin kayan jariri da abin da ka iya tasowa a asibiti, Allah ya sauke ta lafiya amma kowa ya san haihuwa bata sanarwa, in aka ce aiki za a yi kuɗi ake nema a take. Bata ce a'a ba saboda tana jin nauyinka, kar ka yi amfani da wannan nauyin. Kuɗinta nata ne a addini, ba sai na ja maka aya ba. Ka koma ka ce mata maganar nan da na yi miki na janye, ki yi abin da kika tsara. Za ka ga yadda fuskarta za ta canza. In wata rana bayan ta haihu ita da kanta tace ga dubu hamsin ka ƙara, toh a rubuta, bashi ne ko haɗin gwiwa, da ranar biya, ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi take kuma bata ce banda mata da miji ba.

Kuma wallahi kana kallon adashenta ka manta da abin da ya fi adashen. Matarka 'yar kasuwar WhatsApp ce. Tana da kwastomomi, tana cikin guruf-guruf na mata masu saida humra da atamfa da kayan kicin da abincin biki, waɗanda kai ba za ka taɓa iya shiga ba. Ga wajen gwajinka nan a cikin gida, kuma lokacin jego da hannunta zai cika shi ne lokacin da za ta fi buƙatar abin da zai riƙe mata oda. Ka nemi izininta, ka ɗauki saƙonni ɗari na gaske da aka taɓa turo mata, ka goge sunaye da lambobi, ka ba ɗan aiken ka ƙirga nawa ya amsa daidai nawa ya kwafsa, ka gyara ka sake. In ya yi mata aiki wata biyu ita za ta yi maka tallan da mai kwas ba zai iya ba, kuma in kwastoma ta zo ta hannunta ka ba ta kasonta kamar yadda za ka ba kowane dillali, kar ka ce ai gida ne. Kuskuren da ka yi da Kawu kenan ta ɗaya gefen.

Ajiye aiki kuwa, kar ka saki reshe ka kama ganye. Dubu 90 ba yawa, ta ɗan ɗara mafi ƙarancin albashin jihar nan na dubu 72 ne kawai, amma tana zuwa duk wata kuma ita ce ke ba ka damar ce wa kwastoman banza a'a. Ka duba takardar ɗaukarka aiki ko akwai sharaɗin hana aikin gefe, kar ka yi aikin kwastoma da kwamfutar makaranta ko a lokacin darasi, yaran nan ma iyayensu biya suke. Da ma'aikacin gwamnati ne kai da na ƙara ja maka kunne, don kundin tsarin mulki ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci in ba noma ba, amma kai wannan bai hau kanka ba. Ka ba abin awa biyu da dare da ranar Asabar. Ka gaya wa kowane kwastoma tun farko cewa daga 8 zuwa 2 kana aji, ku rubuta a takarda shafi ɗaya abin da ɗan aiken zai yi, abin da ba zai yi ba, wa ke sabunta farashi, wa ke ɗaukar asara in an samu kuskure. Rijistar suna a CAC ta jira sai ka samu mutum na biyu ko na uku mai biya. Maganar barin koyarwa kuma mu sake ta ranar da kuɗin gefen, bayan an cire duk abin da aka kashe, ya ninka albashinka wata shida a jere.

Wannan satin dai abu uku ne a gabanka, ka kashe sabar nan da ke cin dubu 25 tunda ba mai amfani da ita, ka je gidan Kawu, ka yi magana da madam, kuma ni da ita zan fara don a gida take. Bayan suna in Allah ya kai mu ka sake rubuto min, ka faɗa min cikin saƙonni ɗarin nan nawa ya ci, da abin da Kawu yace. A gaida madam da jiki.